Ranar da Muka Bar Igiya a Layi

Karatuna bai yi nisa ba. Ranar da malamin ajinmu ya gane cewa bencin da nake zaune a kai ya fi ni fahimtar darasi, ranar muka rabu ba tare da kowa ya yi kuka ba. Daga nan na hau tirelar raguna daga ƙasar Zazzau na sauka Agege a Legas, ban sake komawa gida ba sai biki ko gaisuwar mutuwa. A nan gemuna ya fito, a nan ya yi fari. Sana'ata dillancin raguna a kara, wadda take gefen layin dogo, inda in jirgi zai wuce sai kowa ya riƙe dabbarsa. Saboda haka in kun ga rubutun nan yana tafiya yana karkacewa, ku yi haƙuri, hannun da ya saba da ƙaho ne.

A shekarar da nake son ba ku labarinta, ina da kujera. Farar kujerar roba ce, a layin gaba, a wurin taron jam'iyya na mazaɓarmu. Tun da can an bar wa Hausawa kujera ɗaya a gaban nan, kuma wanda ya fi kawo jama'a shi ke zama a kanta. Na daɗe ina zaune. Amfaninta kuwa ba ƙarami ba ne. Mai kujerar shi ke fara jin ranar da masu kwashe kaya daga bakin titi za su zo, shi ke roƙo a ɗaga wa 'yan kara ƙafa lokacin Babbar Sallah, in raguna sun yi yawa sun malalo har kan kwalta. In babu kunnenmu a wurin, sai dai mu wayi gari mu ga ana loda dabbobin mutane a mota. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa jama'a. Amma kada in yi muku ƙarya, daɗin zaman ma ina ji. Ni da ban gama firamare ba, ga ni a gaba, masu digiri suna bayana suna kallon ƙeyata.

Mutum ɗaya ne ya sa wa kujerar ido, wani mahauci, babba a cikin mahautan kwata. Bakano ne, ni kuma Bazazzagi, to kun san abin da ke tsakani. Tun muna da ƙarfi muke tsokanar juna, ban taɓa kiransa da sunansa ba, shi ma haka. Ranar da aka haifa masa ɗan fari ni na zaɓo ragon suna, ya ce na kawo masa wanda ya fi kama da ni.

Sai aka ce bana zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa ba na daliget ba ne. Ƙato bayan ƙato za a yi. Duk mai katin jam'iyya zai fito fili, a ɗaga hoton ɗan takara, ka je ka tsaya a bayansa, a ƙirga kawuna. 'Yan takara biyu ne masu ƙarfi. Mahauta suka bi ɗaya, mu 'yan kara muka bi ɗayan. Kada ku tambaye ni dalili mai zurfi. Bakano ne ya riga ni furta nasa, ni kuwa ba zan tsaya a bayan Bakano ba ko a layin rabon shinkafa.

Shugaban mazaɓarmu, wanda kowa ke ce wa Ciyaman, Bayarabe ne, tela, mutum mai haƙuri da yawan gumi. Ya kira mu ni da Bakano shagonsa, ya tsayar da keken ɗinki, ya ce da Hausarsa ta Agege, "Baba, mutane suna dama ni. Suna ce Hausa akwai yawa a baki, ranar zaɓe duka sun tafi arewa. Bana ido zai gani. Wanda layi nasa ya fi tsawo, shi ne kujera."

Bakano ya ce, "Ai shi ke nan, Ciyaman. A fara goge ta, don zaman Zagezagi yana barin tabo."

Na ce, "A goge ta ɗin, ko ba komai ka taɓa ta sau ɗaya a rayuwarka."

Na fita ina dariya, don na san lissafina. 'Yan kara mun ninka mahauta.

Ranar farko da aka sa ta yi mana daidai. Sallah da saura, tireloli ba su fara sauka ba, kowa a kara zaman hira yake yi. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya, na tabbatar kowa ya nemo katinsa, na ba da babbar rigata wanki da guga. Ana gobe za a yi, sai labari ya zo an ɗage. Wai manya a Abuja ba su gama daidaitawa ba. Na ninke rigar na mayar.

Rana ta biyu sai ta faɗa Lahadi da safe. Mutanen coci na mazaɓarmu suka ce ba su yarda ba, kuma da gaskiyarsu. Shugabar mata, wata mai sayar da tattasai da take saro kaya a kasuwar Mile 12, ta tashi a taro ta buga tebur ta ce a gaya wa na sama ba za ta zaɓi tsakanin Ubangijinta da katin jam'iyya ba. Na tafa mata har hulata ta faɗi. Ashe ba nan kaɗai ba, ko'ina an yi wannan ƙorafin. Aka sake ɗagewa. Na koma gida ina jin kaina kamar wani mai kare haƙƙin jama'a.

Rana ta uku a bakin matata na ji ta. Ita haifaffiyar Agege ce, Yarbancinta ya fi na Ciyaman, kuma rediyonta ba ya mutuwa. Ina alwala ta leƙo ta ce, "Malam, sun sa muku rana."

"Yaushe?"

"Jajibere."

"Jajiberen me?"

"Na bikin kakarka. Jajiberen Sallah mana, ranar Arfa."

Na tsaya da ruwa a hannu, na manta ko na wanke fuska ko ban wanke ba. Sai da na sake alwalar daga farko.

Wanda bai san kara ba ba zai gane ba. Duk wahalar shekara, duk dusar da aka saya, duk kwanan da aka yi a bayan tirela daga arewa, saboda yinin nan ɗaya ake yi. Mutumin Legas ba ya sayen rago da wuri, ba shi da inda zai ɗaure shi, sai ana gobe Sallah yake fitowa da shi da matarsa da surukarsa. Ragon da bai fita ranar jajibere ba ya zama ɗan gida, sai dai ka raɗa masa suna. A ranar ko mutuwa aka yi, a gurguje ake sallar gawa. To a wannan ranar aka ce mu bar raguna mu je mu yi layi.

Ban iya zama ba. Na tafi shagon Ciyaman, ba ya nan. Na dawo kara, na kasa tsayawa. Na sake komawa shagon. Da aka kira taro kuwa, ban bari an gama addu'ar buɗewa da kyau ba na miƙe. Na ce rabin mutanena sun hau mota sun tafi gida Sallah, wasu suna Makka, waɗanda suka rage kuma ranar ce abincinsu na shekara. Na ce wannan ba sa rana ba ne, kora ce. Shugabar mata ta tashi ta mara mini baya, Allah ya saka mata, ta ce yadda aka ji kukansu a ji namu.

Ciyaman ya share gumi ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba ni na sa ba. Wa'adi da hukumar zaɓe ta ba jam'iyya ya zo ƙarshe, sun cinye kwana duka da rigima nasu. Babu wani rana kuma. Amma na yi alkawari, da safe za a ƙirga, kafin rana ta yi zafi kowa ya koma wurin rago."

Na juya na ga Bakano yana murmushi yana sakace. A nan na tuna abin da na manta: mahauci aikinsa sai ranar Sallah, in an yanka, a bi gida-gida ana fiɗa. Ranar jajibere hutu yake, wuƙa kawai yake wasawa.

Na ce, "Wallahi mutanen ɗan takararku ne suka ƙulla wannan. Sun san arewa tamu ce."

Ya ce, "Bazazzagi, kana ba kanka girma da yawa. Wanda ya sa ranar nan bai san da kai ba, bai san da karar Agege ba. Shi rago a faranti yake ganinsa."

Maganar nan ta bi ni har gida. Na yi ta juya ta. In da gangan aka yi, to aƙalla an san muna nan, an ji tsoron yawanmu. In kuwa Bakano ne ke da gaskiya, to ko tuna mu ba a yi ba. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba, kuma ban san wanne na fi so ya zama ba.

Kwanakin da suka rage ban zauna ba. Tireloli sun fara sauka, kara ta cika, ruwan sama ya mai da ƙasa taɓo, ni kuma maimakon in nemi la'adata ina bin mutane turke-turke kamar mai tallan maganin basir. Wani ya ce, "Baba, in na bar ragunan nan na je layi, ɗan takarar ne zai zo ya saya?" Wani ya ce katinsa yana aljihun rigar da ƙanensa ya tafi da ita gida. Wani dattijo da ya kawo kaya daga can wajen iyaka ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na san inda ake samun harawa da sauƙi. Amma da yawa sun ji nauyina. Sun san abin da kujerar ke yi musu. Suka ce in dai da safe ne, kuma ba za a daɗe ba, za su zo.

Matata ta ce, "Malam, ka rame. Ko kai ne ɗan takarar?"

Na ce, "Da ni ne ai da na yi ƙiba."

Ranar ta zo. Muna azumin Arfa, yawancinmu. A filin wata makarantar firamare aka yi, tafiya kaɗan daga kara. Aka kafa hotuna biyu a jikin sanda, namu yana dariya da haƙora duka a waje, nasu ya ɗaga yatsa kamar yana tsayar da danfo, motar hayar Legas. Kuma wallahi mutanena sun fito. Layinmu ya tashi daga gindin hoto ya wuce bakin ajin ƙarshe ya lanƙwasa wajen famfo. Na Bakano ko rabin namu bai kai ba. Na sa babbar rigar nan, ina kai da kawowa daga farkon layi zuwa ƙarshe, ina gyara wa mutane tsayuwa kamar limami. Duk na wuce ta wajen Bakano sai in yi tari.

Saura mai ƙirge. Jam'iyya ce za ta turo shi daga sama, ba a yarda ɗan mazaɓa ya ƙirga mazaɓarsa ba.

Hantsi ya yi, bai zo ba. Rana ta ɗaga, bai zo ba. Ciyaman yana gefe da waya a kunne, yana cewa yana hanya, ya baro Oshodi, ya kusa. Daga inda muke muna jin kara: kukan raguna, hon na motoci, hayaniyar ciniki. Wayoyin mutanena suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ga mutum ya amsa, ya juya baya, ya ce, "Ka riƙe shi, ka ce masa ina zuwa, kada ka bari ya tafi wajen na kusa." Layi ya fara rawa. Kowa ƙafarsa ɗaya a fili, ɗaya a kara. Ni kaina hankalina yana kara, don na san masu sayen da suka saba da ni suna can suna nemana.

Wani mai raguna da muka daɗe tare ya matso ya ce, "Baba, ka yi mini rai. Ciniki ɗaya zan ƙulla in dawo."

Na san in na sake shi, shi ke nan, layi ya tsinke. In na hana shi kuma, na shiga haƙƙinsa. Ina tsaye ina zufa sai idona ya faɗa kan igiyar da ke rataye a kafaɗarsa. Ɗan kara ba ya rabuwa da igiya, ko masallaci zai je tana jikinsa.

To a kara muna da ƙa'ida da ba wanda ya rubuta ta. In mutum ya bar igiyarsa a turke, wurin nasa ne. Ko ya tafi arewa ya yi wata guda, ba mai kwance ta, ba mai ɗaure dabba a wurin. Igiyar ita ce shi. Na ga an yi shari'a a gaban sarkin kara a kan wannan, igiya ta ci. Kuma kowa ya san tasa da ta maƙwabcinsa, daga ƙullin da kalar. Tun ina saurayi nake cikin wannan tsari, ban taɓa tunanin akwai inda ba ya aiki ba.

Na ce, "Ajiye igiyarka a inda kake tsaye. Je ka. In mai ƙirge ya zo zan buga maka."

Don kada a ce na yi gaban kaina, na je wajen Ciyaman na ce, "Ciyaman, wanda ya bar igiya yana nan, ko?" Yana cikin faɗa da wani a waya, ya ɗaga mini hannu yana gyaɗa kai. Daga baya ya rantse cewa ba da ni yake ba, da wanda ke wayar yake. Ni dai a lokacin na ɗauka an sa hannu.

Abin da ban hanga ba shi ne saurin da abin zai yi. Kafin in dawo daga wajen Ciyaman, mutum biyar sun zama igiya. Kafin Azahar, layin nan da na yi ta taƙama da shi ya koma igiyoyi a ƙasa, kowacce an naɗe ta tsaf an ɗora mata dutse, a jere, daga gindin hoto har famfo. Tsakaninsu tsofaffi 'yan kaɗan da ba su da abin sayarwa, sai wasu mata, sai ni. Kuma ku ji wautata: daɗi nake ji. Ina bin layin ina gyara wadda ta karkace. A idona layin nan cike yake. Ina kallon shuɗiyar igiya mai ƙulli biyu ina ganin mai ita, har da tsagen fuskarsa.

Mahauta kuwa sun zauna a ƙasa a layinsu, wasu sun kishingiɗa, ana ta hira. Sallar Azahar ma kashi-kashi suka yi ta a wurin. Bakano ya taso, hannu a baya, ya bi layina yana dubawa kamar mai duba faretin sojoji.

Ya ce, "Sannunku da azumi, bayin Allah." Ya sunkuya wajen wata. "Wannan ta rame, Bazazzagi, ba ka ba su sahur ba?"

Na ce, "Ka yi ta yi. Ko a kwance suke sun fi ku yawa."

Ya ce, "Wannan jar kam na ga alama namu take so, kunya ce ta hana ta faɗa."

Har mutanena da suka rage sai da suka yi dariya. Yayyafi ya sauko, ya ɗauke. La'asar ta yi. Na kasa zama. In je bakin ƙofa in leƙa titi, in dawo in duba igiya, in sake komawa ƙofa. Mota nake jira, babba, mai baƙin gilashi, irin wadda mutanen sama ke zuwa a ciki. Na shirya da na hango ta zan fara buga waya.

Ashe a okada zai zo. Wani siririn mutum ne, wandonsa duk taɓo, da jaka a hammata. Ya wuce ta gabana a bakin ƙofa har na matsa na ba shi hanya, na ɗauka malamin makarantar ne ya manta wani abu. Sai da na ji Ciyaman yana cewa "Oga, oga," na juya na ga har ya fara taɓa kawunan mahauta yana ƙirgawa.

Na zaro waya. Na buga wa na farko, ba a ɗauka ba. Na biyu, tana ta ƙara. Na uku ya ɗauka, ban ji komai ba sai kukan rago da wata mata tana cewa a rage mata. Bayan La'asar ranar jajibere, wa zai ji waya a kara? Ni da na shekara nawa a cikinta, ni ya kamata in fi kowa sani.

Mai ƙirge ya gama da mahauta ya iso kanmu. Ya dubi hoton, ya dubi ƙasa, ya dube ni. Na haɗa Turancina da Yarbancina da abin da ya rage na numfashi, na yi masa bayani. Na ce kowace igiya mutum ce, mai kati, da safe yana nan, Ciyaman shaida ne, kowa shaida ne. Na ɗaga ɗaya na faɗa masa garin mai ita da yawan 'ya'yansa.

Bai yi dariya ba, wannan kam na ba shi. Ya gaji ne kawai. Ya ce tun safe yake yawo, shi kaɗai aka ba mazaɓu da yawa, ko kuɗin mota ba a ba shi ba, kuma akwai sauran wurare kafin duhu. Ya ce, "Baba, kawuna aka ce in ƙirga. Ka nuna mini kai." Sannan ya ce zai fara daga ƙarshen layi, wajen famfo, ya taho a hankali. Wanda ya iso kafin ya kai gindin hoto, ya shiga.

Ban tsaya tunani ba. Na ajiye igiyata a gaban layi, na cire hulata na ɗora a kanta, na tattare babbar riga, na zura da gudu. Tsoho mai azumi, a cikin taɓon Agege. Masu okada suna yi mini ihu, wata mai gasa masara ta ce ko ɓarawo ne ya biyo ni. Takalmina ɗaya ya maƙale, na bar shi.

Kara ta zama kamar ranar tashin kiyama. Ba wurin sa ƙafa. Duk wanda na kamo, hannunsa yana cikin hannun mai saye, ana tsakiyar "albarka" da "sallama". Na yi ta ihu, "Ya zo! Mai ƙirge ya zo!" Wani ya ce, "Wa?" Wani ya ce, "To Baba, ai igiyata tana can." Wannan amsar ita ta fi kashe ni, don ni na koya masa. Da ƙyar na tattaro 'yan ƙalilan. Ɗaya ma da ragonsa ya biyo ni, don mai saye bai gama biya ba kuma ba zai sake shi ba. Haka muka shigo filin makaranta, ni a gaba da takalmi ɗaya, rago a baya yana turjewa.

Fili ya watse. An cire hotuna. Mai ƙirge ya tafi. Igiyoyi suna nan a jere yadda muka bar su, ba wanda ya taɓa ko ɗaya.

Bakano kaɗai ya rage a gindin sanda, da hulata a hannunsa yana kakkaɓe mata ruwa. Ya miƙo mini. Ya ce, "Wallahi na roƙe shi, Bazazzagi. Na ce wannan hular dai a ƙirga ta, don abin da ke cikinta da wanda ke cikin kan mai ita duk ɗaya ne. Ya ƙi."

A nan na gane ni ma ba a ƙirga ni ba.

Na zauna a kan dakalin aji. Ya zauna kusa da ni har aka kira Magariba. Ya ciro dabino daga aljihu ya ba ni ɗaya, ya ci ɗaya. Mutanena suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukar igiyoyinsu, kowa yana kau da kai daga inda nake.

Bayan Sallah aka kira taro. Na je da wuri, sannan na rasa abin da zan yi da wurin da na zo, na tsaya a waje ina duba fostocin bango kamar mai iya karatu da sauri. Ciyaman ya ja ni gefe ya ce ya san da safe layina ya fi, ya gani da idonsa, amma abin da aka rubuta aka kai sama shi ne magana, kuma masu cewa Hausawan kara ba sa tsayawa sun samu abin faɗa. Shugabar mata ta sake tashi ta ce ba a yi adalci ba, a rubuta ƙorafi a kai Abuja. Aka ce za a rubuta. Bakano ya zauna a kujera. Ta ɗan yi masa kaɗan, don ya fi ni mazaunai. Ni na tsaya a baya wajen taga, inda ba a jin rabin abin da ake faɗa.

Tun daga nan labari ta kwata yake biyowa kafin ya iso kara. Ba na jira a aiko, don mahauci in yana kan nama mantawa yake da duniya. Ni nake zuwa. Kusan kullum da hantsi sai na taka har can, in tsaya cikin ƙuda da ƙarni, in yi kamar hanya ce ta biyo da ni.

Wata rana na same shi yana sara ƙashi. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na tambayi iyali, ya ce lafiya. Na tambayi kasuwa, ya ce da godiya. Ya ci gaba da sara. Ya san abin da ya kawo ni, so yake in tambaya da bakina.

Na ce, "To, ranka ya daɗe, mai kujera. Akwai wani abu?"

Ya ce, "Ƙara faɗa, gatarin nan ya hana ni ji."

Na ƙara faɗa.

Ya goge hannu a riga, ya matso, ya rage murya. "Yau masu kwashe kaya za su zo, bayan Azahar. Daga gadar sama za su fara. Na roƙa, an ce ba ɗaga ƙafa. Duk abin da ke kan kwalta ku janye shi ciki."

Na dubi rana. Ta kusa tsakiya, kuma a bakin titi akwai ragowar ragunan mutum uku da ba su san komai ba. Ban ko yi masa sallama ba. Ina jin shi a bayana yana cewa in bi a hankali kada in faɗi a ce Kanawa ne suka ture ni, ni kuwa na riga na kai bakin titi ina ɗaga wa mai okada hannu.